Kartar tarot ta Rider-Waite a hannun ma'aikacin da oga ya sa a gaba

Wanda ogansa ya sa shi a gaba, yau tsawa a gaban abokan aiki, gobe a ɗora masa aikin mutum uku, jibi a hana shi hutun da ya cancanta, shi ne kwastoman da masu sayar da kartar tarot, wato karta mai hotuna da ake duba da ita, da masu manhajojin duba a waya suka fi so. Tallarsu ɗaya ce: ja karta uku ka san abin da ke zuciyar oga. Wannan sharhi ya duba kartar da aka fi saye, wato Rider-Waite, tare da hidimar masu karanta ta don kuɗi, a kan wannan matsala kaɗai.

Kartar ta fara fitowa a Landan a 1909. Arthur Edward Waite ne ya tsara ta, Pamela Colman Smith ta zana hotunan, kamfanin Rider ya buga. Guda 78 ne a kwali: manya 22 masu suna irin su Sarkin Sarakuna, Hasumiya da Mutuwa, sai ƙanana 56 da aka raba gida huɗu, wato sanduna, kofuna, takubba da kwabbai. Kowane gida yana da 14, daga ɗaya zuwa goma, sannan ɗan aike, barde, sarauniya da sarki. Girman kowace ya kai kimanin santimita 7 a faɗi da 12 a tsawo, don haka mai ƙaramin hannu zai sha wuyar gauraya ta a makon farko. Da ka buɗe kwali ka ƙirga. Jabun da ake sayarwa a intanet sukan zo da takarda mara kauri da launi a dushe, wani lokaci ma babu ɗan littafin bayani a ciki. Shi ma littafin na ainihi ba wani abin a zo a gani ba ne: 'yan kalmomi ne ga kowace karta, kuma ba a rubuta shi da ofis ko oga a rai ba.

Inda wannan karta ta yi wa tsofaffin irinta zarra shi ne ƙananan 56 ɗin. A tsohuwar kartar Marsel ta Faransa, takubba takwas takubba ne kawai aka jera. Smith kuwa ta zana wa kusan kowace labari. A takubba takwas, mace ce a ɗaure an rufe mata ido, takubba a kafe a gefenta, amma ƙafafunta a sake suke, gabanta kuma a buɗe. A sanduna goma, mutum ne ya rungumi sanduna goma ya duƙa har ba ya ganin gabansa. A takubba biyar, wani yana murmushin mugunta da takubba uku a hannu, mutum biyu sun ba shi baya. Sarkin Sarakuna dattijo ne mai gemu a kan kujerar dutse da aka sassaƙa wa kawunan raguna, sulke a ƙarƙashin jar rigarsa. Duk ma'aikacin da ke cikin ƙunci zai ga kansa ko ogansa a cikin waɗannan hotuna ba tare da an koya masa komai ba. Nan ne amfanin kartar yake, nan ne kuma tarkonta.

Masu amfani da ita don tunani kawai, ba don neman gaibu ba, ga yadda suke yi. Sabuwar karta a jere take zuwa, sai an gauraya ta sosai. Masana lissafi Dave Bayer da Persi Diaconis sun nuna a 1992 cewa karta 52 tana buƙatar kimanin gauraye bakwai na raba biyu a saƙa kafin ta hargitse da kyau, ka ga 78 sai an ɗan ƙara. Ana rubuta tambaya a takarda tun kafin a ja komai, kuma tambayar ta tsaya a kan mai ja. "Me nake yi duk lokacin da ya ɗaga min murya?" tambaya ce mai amsa. "Zai kore ni?" ba ta da amsa a cikin kwali. Sai a ja uku, a ba kowace gurbi: abin da ke faruwa, abin da ke hannuna, abin da ba ya hannuna. A dubi hoton kafin a buɗe littafi, a rubuta jimla biyu ko uku a kan kowace. Minti goma sha biyar ya isa. Wanda ya ja sanduna goma ya rubuta "ayyuka huɗu nake riƙe da su, biyu ba nawa ba ne, ban taɓa faɗa ba" ya samu abin da zai kai wa oga. Hoton bai sanar da shi sabon abu ba, bakinsa kawai ya buɗe.

Shimfiɗar karta goma da ake kira gicciyen Keltik ba ta dace da wannan matsala ba, kuma lissafi ne ya nuna haka. Idan ka ja goma daga 78, damar Hasumiya ta fito, wato hoton tsawa ta faɗa wa gini mutum biyu suna faɗowa, kusan ɗaya ce cikin takwas. Damar a samu aƙalla takobi ɗaya, gidan da ake fassarawa da rigima, ta kai kashi 88 cikin ɗari. Ko a karta uku ma kashi 45 ce. Mai duba zai nuna takobin ya ce ga rikicin ofishinku nan ya bayyana, alhali da zaman lafiya kuke yi ma da ya fito. Ƙara da dokar karta mai kai a ƙasa, wadda ke juya ma'ana ko ta raunana ta, sai ya zama babu abin da ba za a iya karantowa ba.

Dalilin da ya sa karatun yake kama da gaskiya an daɗe da sanin sa. A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa takardar bayanin halinsu, kowa yana zaton tasa ce shi kaɗai. Rubutu ɗaya ne ya raba wa kowa, amma da aka ce su ba shi maki, matsakaicin ya kai wajen 4.3 cikin 5. "Akwai wani babba a wurin aikinka da ba ya ganin ƙoƙarinka" irin wannan jimla ce. Wa zai ce a'a? Asalin kartar ma wasa ne: a arewacin Italiya aka ƙirƙire ta a ƙarni na 15, sai a 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya jingina ta ga tsohuwar Masar ba tare da hujja ba, duba da ita ya bazu daga nan.

Ɓarnar da aka fi gani iri biyu ce. Akwai mai sake ja har sai ya samu amsar da yake so, dare ya raba yana tunanin oga, wato kartar da ya saya don samun sauƙi ta ƙara masa awa biyu na damuwa. Akwai kuma wanda dama zuciyarsa ta gama barin aiki, ya ja kofuna takwas, mutum ya juya baya ya kama hanya da sandarsa a farin wata, faɗuwa ta zo daidai da zama, ya miƙa takardar murabus ba tare da wani aiki a hannu ba.

Masu karantawa don kuɗi sun fi kwalin haɗari. Da yawa a intanet da minti suke caji, saboda haka jan magana riba ce gare su. Sukan fara da tambayoyi, su mayar maka da amsarka cikin sabuwar riga. Wanda ya ce an yi maka asiri a ofis, kawo ƙarin kuɗi a karya, ka kashe waya. Kada kuma ka ba wata manhaja sunan oga, sunan ma'aikata ko sirrin aiki, domin abin da ka rubuta yana zaune a kwamfutar wasu. Ga mai addini kuwa maganar ta wuce ta inganci: Musulunci da Kiristanci duka sun hana zuwa wurin masu duba, kuma cewa "ai hoto kawai nake kallo" ba ta daɗewa kafin ta koma "bari in ga me gobe za ta kawo".

A matsayin kaya, bugun ainihi yana da kyau, zanen Smith ya cancanci sunan da ya yi. A matsayin maganin mugun oga, abin da take bayarwa shi ne zama na minti goma sha biyar da biro, kuma littafin rubutu yana ba da wannan ba tare da takubba ba. Gara ma a rubuta abin da ofishin kula da ma'aikata ko ƙungiyar ƙwadago za su iya karɓa: rana, lokaci, ainihin kalmomin da oga ya faɗa, waɗanda suke wurin. Duk umarnin da ya bayar da baki a bi shi da gajeren saƙon imel, "Ranka ya daɗe, don in tabbatar na fahimta, rahoton nan ranar Alhamis kake so, na ajiye ɗayan zuwa Litinin", a kuma adana littafin a gida, kada a bar shi a aljihun teburin ofis.