Zari-ruga da ƙwallon Amurka: wanne ya fi cin jiki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wanne wasa ya fi buƙatar taurin jiki tsakanin zari-ruga da ƙwallon Amurka, ka kuma ce abokinka na ganin 'yan Amurka ragwaye ne tunda sai sun sa hular kwano da sulke kafin su shiga fili, alhali 'yan zari-ruga riga da gajeren wando kawai suke sawa. A ganina, idan karo guda ake aunawa, na Amurka ya fi muni nesa ba kusa ba. Idan kuma ana maganar wanda zai jure wuya daga farkon wasa har ƙarshe, zari-ruga ce a gaba. Amma maganar ragwanta, abokinka bai yi musu adalci ba.

Mu fara da agogo, domin can ne asalin bambancin. Zari-ruga minti 80 ce, mutum 15 kowane ɓangare, canji takwas kacal. Wanda ya kai hari shi ne zai juyo ya tsare gida. Ya kayar da mutum, ya miƙe, ya shiga turereniya a kan ƙwallo, ya sake miƙewa ya ruga, numfashi bai dawo ba wani ƙaton ya sake tunkaro shi. Kafin a tashi, da yawansu sun ci kilomita 6 zuwa 7. A NFL kuwa, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, minti 60 ne a agogo, amma ana shafe kusan sa'a 3 ana yi, kuma jaridar Wall Street Journal ta lissafa a 2010 cewa ainihin lokacin da ƙwallo ke motsi bai wuce minti 11 ba. Masu kai hari daban, masu tsaron gida daban, canji kuma ba iyaka.

Wannan hutun ne ke sa a raina su, kuma shi ne ke sa karonsu ya yi muni. Mutumin da ya san daƙiƙa biyar ko shida kawai zai yi aiki sannan ya huta, ba ya tattalin ƙarfinsa, gaba ɗaya yake zubewa. Ba ya kuma bukatar jikin mai dogon gudu, shi ya sa 'yan layin gaba a NFL suke haura kilo 135, yayin da takwarorinsu na zari-ruga galibi suke tsakanin 115 da 125. Ga gudu kuma: DK Metcalf, ɗan wasan NFL mai nauyin sama da kilo 100, ya yi tseren mita 100 cikin daƙiƙa 10.37 a 2021. Ka ɗauka irin wannan ya taso daga nesa, ɗan'uwansa ya taso daga ɗaya gefen, su haɗu gaba da gaba. Ƙwallon Amurka kamar dambe ne, duka guda mai kwantar da mutum ake nema, zari-ruga kuwa kokawa ce da ba a raba ku sai an tashi.

Dokokin ma sun bambanta. A zari-ruga dole ka rungumi mutum da hannuwa yayin kayar da shi, ba a kai hannu sama da kafaɗa, ba a kuma kayar da wanda ba ya riƙe da ƙwallo. A Amurka an halatta bangaje wanda bai riƙe komai ba don buɗe wa abokin wasa hanya, saboda haka duka na iya zuwa maka daga inda ba ka duba ba.

Yanzu batun hular kwanon. Ba don tsoro aka kawo ta ba. A kakar 1905 kaɗai, mutum aƙalla 18 suka mutu a filayen ƙwallon Amurka, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i fadarsa ya ce a gyara wasan. NFL ta wajabta hular a 1943. Ta rage fashewar kai da karyewar fuska, amma ta zo da wata masifa. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, kuma idan kai ya tsaya cak a tsakiyar gudu, ita ba ta tsayawa sai ta bugi ƙashi. Babu hular da ke hana wannan. Abin da ta yi shi ne cire wa ɗan wasa fargabar sa kansa a gaba, har ya mayar da kan makami. Ɗan zari-ruga ya san goshinsa tsirara yake, don haka tun yana yaro ake koya masa ya kawar da kai gefe, ya sa kafaɗa a cinyar abokin hamayya. Har kocin ƙungiyar Seattle Seahawks ta NFL na wancan lokacin, Pete Carroll, ya fitar da bidiyo a 2014 yana koyar da irin wannan kayarwa ta zari-ruga.

Likitan da ya tona wannan asiri ɗan Najeriya ne, Dakta Bennet Omalu, wanda ya yi karatu a Jami'ar Najeriya ta Nsukka. A 2002 ya binciki ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon gwarzon Pittsburgh Steelers da ya rasu yana da shekara 50 bayan rayuwarsa ta tagayyara, ya gano cutar da ake kira CTE, wadda yawan buguwar kai ke haddasawa. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan NFL 111, suka sami cutar a 110. Gaskiya ne iyalan da suka ga alamun ciwo ne suka fi bayar da gawawwakin, amma duk da haka adadin yana tayar da hankali.

Kada ka ɗauka zari-ruga ta tsira. Steve Thompson yana cikin waɗanda suka ci wa Ingila Kofin Duniya a 2003. A 2020, yana da shekara 42, ya bayyana cewa yana fama da ciwon mantuwa, kuma ba ya tuna wasannin da suka ɗauki kofin. Wannan labarin yana sosa min rai ƙwarai: mutum ya ba da jikinsa don rana guda, sannan ranar ta ɓace masa. Shi da ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa sun kai hukumomin wasan kotu. Ga yawan wasanni kuma: kakar NFL wasa 17 ce kafin zagayen ƙarshe, gasar zari-ruga ta Top 14 a Faransa 26, ban da na Turai da na ƙasa.

Jarumta kuwa, ba ka iya raba musu gardama. Richie McCaw ya jagoranci New Zealand ta ɗauki Kofin Duniya na zari-ruga a 2011 da karyayyen ƙashi a ƙafa. Jack Youngblood na ƙungiyar Rams ta NFL ya buga wasannin ƙarshe na kakar 1979, har da Super Bowl, wato wasan ɗaukar kofin NFL, da karaya a ƙwauri.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne waɗanda suka sauya sheƙa. Jordan Mailata ya taso a wani nau'in zari-ruga na mutum 13 a Ostareliya, inda aka ga girmansa ya yi yawa ga wasan da ba a hutawa. Philadelphia Eagles ta ɗauke shi a 2018 bai taɓa buga ƙwallon Amurka ba, kilo 160 da ɗoriyar nan da suka zame masa cikas suka zama jarinsa, ya ci Super Bowl a 2025. Louis Rees-Zammit, ɗan zari-rugar Wales kuma, duk da gudunsa, ya je NFL a 2024 bai samu buga wasan gasa ko ɗaya ba, ya komo zari-ruga a 2025. Ka nuna wa abokin naka waɗannan biyun, ka tambaye shi wanne ne rago a cikinsu.