Wasiƙun Sallar Kumasi a Shagon Masu Sikanin

Da aka zo rabon gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, babu wanda ya ɗaga murya a kan wata tsohuwar adakar ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa, domin babu komai a cikinta sai takardu, don haka aka bar mini ita. A ciki na tarar da wasiƙu 138, mafi yawansu na barka da sallah ne da ƙanin kakanmu, wanda fataucin goro ya zaunar a zangon Kumasi, ya riƙa aiko wa yayansa a Kano daga 1952 zuwa ƙarshen 1969. Sauran kuwa daga wata ƙanwarsu suka zo, wadda ta tafi aikin hajji ta ƙasa, ta tsaya a Wad Madani ta Sudan, ba ta sake dawowa ba. Gara ta ci gefen wasu, tsatsar fil ta huda wasu, robar ɗaure kuɗi da aka ɗaure su da ita kuma ta narke ta manne a bayan ambulan. Da yake jikoki sun watsu daga Kaduna har Yamai, kuma kowa yana cewa a turo masa ya gani, sai na kai su wani shagon kwamfuta a unguwar da ɗaliban jami'a ke kai kundinsu a buga. Ba zan faɗi sunan shagon ba, saboda abin da na yaba da abin da na ƙi duka ana samunsu a shaguna irinsa da yawa.

Saurayin da ya karɓe ni ya fara da ɗaukar wasiƙun a dunƙule zai jera su a bakin babbar na'urar fotokwafi, wadda ke jan takarda ɗaya bayan ɗaya. Na dakatar da shi, na ce ya taɓa guda ɗaya tukuna. Wasiƙar jirgi ce, shuɗiyar nan marar kauri da ake rubutu a ciki a ninke ta ta zama ambulan ɗin kanta, kuma hunturun shekara saba'in ya busar da ita har tana ƙara kamar busasshen ganye. Da ya ji ta a hannu sai ya ce, “Gaskiya ne, Alhaji, wannan in na'ura ta ja ta, sai dai a tsinto gutsattsarinta.” Daga nan ya koma ga ƙaramar sikana mai gilashi, wadda ake shimfiɗa takarda a rufe, kuma bai sake neman gajeriyar hanya ba har muka gama, aikin da ya ci mana yini huɗu, ciki har da sa'o'in da aka ɗauke wuta ana jiran janareto.

A nan ne shagon ya burge ni. Takardar wasiƙar jirgi tana nuna rubutun bayanta idan haske ya ratsa ta, har layukan biyu su cakuɗe a hoto, amma yaron ya san maganin abin: ya yanko baƙin kwali ya ɗora a bayan kowace takarda kafin ya rufe murfin, sai rubutun baya ya ɓace, na gaba ya fito sarai. Ya yarda ya ɗauki komai da launi a ma'aunin ɗigo 600 a kowane inci, maimakon 200 ko 300 da suka saba yi wa takardun makaranta, ko da yake ya yi gunagunin cewa hakan yana cin lokaci. Bambancin yana bayyana ne idan aka faɗaɗa hoton kan sarki da hatimin gidan waya, waɗanda sau da yawa su kaɗai ke faɗin shekarar da aka aiko wasiƙa. A na farkon akwai fuskar Sarauniyar Ingila da sunan Gwal Kwas, daga 1957 kuma sai sunan Ghana ya maye gurbinsa. Saboda haka na nace a ɗauki ambulan gaba da baya, shi kuma ya lissafa kowanne a matsayin shafi, wanda ban ga laifinsa ba.

Abu ɗaya da sai da na yi ta maimaita masa shi ne ya daina lasar yatsa kafin ya buɗe shafi. Tsofaffin wasiƙun da ajami aka rubuta su, da alƙalamin kara da tawadar gida irin ta makarantar allo, wadda an yi ta ne don ta wanku da ruwa, kuma damshin yatsa kaɗai ya isa ya shafe harafi.

Akwai wasiƙar da na tsaya a kansa har ya ɗauke ta sau uku. Ita ce ta ƙarshe daga Kumasi, an rubuta ta cikin azumin 1389, wato Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice daga Ghana. Ta fara kamar sauran, da gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, da tambayar lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, amma a inda ya saba faɗin turmin atamfa da ƙwaryar goron da ya ba wani direba ya kawo na sallah, sai ya rubuta cewa a share masa ɗakin zaure, domin bana a Kano zai yi idi idan Allah ya kawo shi. Rubutun layukan ƙarshe ya karkace, ya matsu a gefen takarda, kuma na so hoton ya nuna wannan matsuwar kamar yadda take, ba tare da na'ura ta datse gefen ba. Sikana tana da ɗabi'ar yanke abin da take ganin fili ne marar amfani, kuma sai da aka kashe wannan tsarin aka samu abin da nake so.

Inda shagon ya ɓata mini rai shi ne batun laminashin, kuma ni ma ina da nawa kason na laifin. A yini na biyu mai shagon ya leƙo ya ce, “Ranka ya daɗe, ai irin waɗannan sai a rufe su da leda, ko ruwa ba zai taɓa su ba har jikokin jikoki.” Na amince da guda 12 da suka fi yagewa, na fita sallar azahar. Da na dawo na tarar sun yi ƙyalli kamar shaidar kammala firamare, amma zafin na'urar ya narkar da danƙon ledar ya shige cikin takardar, kuma babu yadda za a yi a ɓare shi ba tare da ya taho da rubutun ba. A guda biyu tsohon salatif da wani ya liƙa a da ya ƙara duhu ya rufe kalmomi, a wata kuma an rufe ninki a ciki, layi guda ya shige ƙarƙashinsa har abada. Ba a banza ba ne wuraren adana tsofaffin takardu suka daina wannan hanya: duk gyaran da ba a iya warwarewa ba su yarda da shi. Mai shagon bai yi haka da mugunta ba, abin da ya saba yi wa takardar haihuwa ne ya yi, sai dai bai san bambanci ba, kuma bai gargaɗe ni ba. Sa'ar da na yi ita ce an riga an ɗauki hotonsu kafin a rufe su.

Ajami ma ya ba su wahala. Babu wanda ya iya karanta shi a shagon, duk da cewa dukansu sun yi allo, saboda rubutun hannu ne irin na Magaribi, mai fa da ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, ga shi kuma an haɗe kalmomi. Wasu shafuka sun fito a kife, wasu kuma an fara da na ƙarshe, sannan duk an zuba su a filas da lambobin da na'ura ta ba su, babu shekara babu sunan mai aikowa. Wannan aikin a gida muka yi shi, ni da Gwaggo, wadda ta haura tamanin. Ina karantawa, ita tana cewa wannan Hajiya Babba ake nufi, wancan kuma yaron da ya rasu da ƙyanda ne shekarar da aka yi fari, ni kuma ina sa wa kowane hoto shekara da wata da gari, ina rubuta fassarar boko a gefe don yaran da ba su iya ajami ba.

Kuɗin aikin bai kai abin da na kashe a man mota zuwa da dawowa ba sosai, kuma yaron ya cancanci goron da na ƙara masa. Wanda zai kai irin waɗannan takardu ya zauna a wurin da kansa, ya cire fil da roba tun daga gida, ya ƙi na'urar da ke jan takarda, ya ƙi laminashin ko da kyauta ne. Idan zai tura wa dangi ta WhatsApp, ya tura a matsayin fayil, domin in ya tura a matsayin hoto manhajar tana rage ingancinsa har hatimin gidan waya ya daina karantuwa. Na ajiye kwafi a kwamfuta, da filas biyu a gidaje biyu, da kuma Google Drive. Asalin wasiƙun 126 da suka tsira na buɗe ninkinsu, na sa farar takarda tsakanin kowace biyu, na ɗaga adakar daga ƙasa zuwa kan kabad, nesa da bangon da ke jiƙa da damina, kuma ina buɗe ta duk wata in duba ko gara ta dawo.