Daga Kentaki: burbon mai ƙarfin ganga, wiskin da ba a tsinka shi da ruwa ba

'Yan'uwa na gida, musamman na Jos, Kafanchan, Zonkwa da Numan, da yawa kan tambayi wace irin barasa ce Amurkawa ke zuba wa kuɗi har dala ɗari a kan kwalba guda. Wanda addininsa ya hana shi sha ya san matsayinsa, wannan bayani ba gayyata ba ne. Bayani ne a kan haja, wato burbon, wiskin masara na Amurka, yadda ake yin ta, yadda ake sayar da ita a nan, da inda ta sha bamban da abin da muka sani a gida.

Hanya mafi sauƙi ta gane ta ita ce a tuna da mai tallan nono. Akwai kindirmo mai kauri, akwai kuma wanda aka tsinka da ruwa don ya auku. Kusan duk wiskin da ke kanti, a nan ko a Legas, an tsinka shi kafin a ɗura a kwalba, an sauko da ƙarfinsa zuwa kashi 40 ko 45 cikin ɗari. Ba ha'inci ba ne, haka dokar sana'ar ta yarda, kuma a rubuce yake a jikin kwalbar. Wanda ake rubuta wa "Cask Strength" ko "Barrel Proof" shi ne kindirmon: yadda ya fito daga ganga haka aka ɗura shi, yawanci tsakanin kashi 55 da 67. Ruwan da kamfani zai zuba, kai aka bar wa ka zuba da hannunka, gwargwadon yadda harshenka yake so.

Amurkawa suna auna ƙarfi da abin da suke kira furuf, wato ninki biyu na kason barasa. Furuf 125 shi ne kashi 62.5. Wanda bai san wannan ba yakan ga 125 ya ɗauka kuskuren bugu ne.

Sunan burbon kansa yana da doka a bayansa tun 1964, lokacin da majalisar dokokin Amurka ta ayyana shi a matsayin hajar ƙasar. Dole a yi shi a Amurka, ba lallai a Kentaki ba, ko da yake jihar ce ke yin kusan kashi 95 cikin ɗari. Dole masara ta kai aƙalla kashi 51 na hatsin. Wajen tacewa da tururi kada ya wuce kashi 80, wajen shiga ganga kada ya wuce 62.5, gangar kuma ta itacen ok ce sabuwa fil wadda aka babbake cikinta da wuta. Ba a sa kala, ba a sa sukari, ba a sa turare. Jan launin da kuke gani daga itacen yake. Idan an ƙara kalmar "Straight", ya yi aƙalla shekara 2 a ganga, kuma in bai kai 4 ba dole a faɗi shekarunsa.

Ragowar hatsin shi ke juya ɗanɗano. Kamfanin Heaven Hill na garin Bardstown a Kentaki suna haɗa masara kashi 78, tsiron sha'ir 12, da wani ɗan'uwan alkama da ake kira rai kashi 10. Rai ɗin ne ke kawo ɗan yaji-yaji kamar masoro. Maker's Mark na Loretto ba sa sa rai, alkama suke sawa kashi 16, shi ya sa nasu ya fi laushi a baki. Matan da ke dafa burukutu za su gane rabin aikin: ana tsirar da hatsi, a niƙa, a dafa, a bar shi ya yi tsami kwana uku zuwa biyar. Har ma akan mayar da wani kaso na ruwan da ya rage daga tukunyar baya cikin sabon haɗi, kamar yadda mai nono ke ɗiga tsohon nono a sabuwar madara, sai dai a nan manufar daidaita tsami ce, yis ɗin daban ake zubawa. Inda hanya ta rabu shi ne burukutu a nan yake tsayawa, a sha shi da ɗuminsa a ƙoƙo yana kashi 3 zuwa 6, gobe ya lalace. Burbon kuwa a nan ya fara.

Gangar tana cin galan 53, wajen lita 200. Babbakar mataki-mataki ce: lamba 3 daƙiƙa 35 ce ta wuta, lamba 4 daƙiƙa 55, har cikin ya tsattsage kamar bayan kada. Ana jera gangunan a manyan sitoci masu hawa bakwai ko fiye, yawancinsu ba na'urar sanyi ba ta ɗumi. Bazarar Kentaki tana haura digiri 30, hunturunta yana sauka ƙasa da sifiri. Da zafi ruwan yakan kutsa cikin itacen, da sanyi ya dawo ɗauke da zaƙi da launi. Kowace shekara kashi 3 zuwa 5 na abin da ke ciki yana bin iska, wanda masu sana'ar ke kira rabon mala'iku, suna ne da Bahaushe ba zai so ya maimaita ba.

Ga amsar tambayar da masu lissafi kan yi: in doka ta ce kada ya shiga ganga sama da furuf 125, ta yaya ake samun kwalba mai 132? A benen sama, inda zafi da bushewa suka fi yawa, ruwa ya fi barasa saurin fita ta jikin itacen, sai ƙarfin ya hau. A ƙasa, inda akwai sanyi da laima, yakan tsaya ko ya ɗan sauka. A Sikotilan, mai damshi, sauka yake yi. Don haka ganguna biyu da aka cika rana ɗaya, ɗaya a hawa na bakwai ɗaya a na farko, bayan shekara takwas sai ka rantse ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Daga nan maganar "Small Batch" ta taso, wato zaɓar ganguna kaɗan a haɗa su wuri guda. Booker Noe, jikan Jim Beam wanda kamfanin burbon ɗinsu ke ɗauke da sunansa, shi ya fitar da Booker's kasuwa a 1988 ba tsinki ba tacewar sanyi (wato sanyaya wiski a tace maiƙonsa), kuma kamfaninsu ne ya yayata kalmar a farkon shekarun 1990. Amma a kula: wannan kalma ba ta da doka. Wani ganga goma yake nufi, wani ɗari biyu, babu mai kama shi. "Barrel Proof" kuwa tana da ƙa'ida, ba za ta gaza ƙarfin da aka auna daga ganga da fiye da furuf 2 ba. A ganina mai saye ya bar kalaman talla ya duba abu uku: furuf, shekaru, da lambar haɗi. Elijah Craig Barrel Proof suna fitar da haɗi uku a shekara, kuma lambar tana karantuwa: B524 na nufin haɗi na biyu, watan Mayu, 2024. Kowane haɗi da ƙarfinsa da ɗanɗanonsa, don haka wanda ya ji daɗin na bara ba lallai ya tarar da irinsa bana ba.

Yanzu ga shan. Kuskuren farko, wanda kusan kowane baƙo ke yi, shi ne a ɗaga a kwankwaɗe kamar ogogoro. Kashi 63 yana dakusar da harshe nan take, hawaye su zo, sauran kofin kuma ba za ka ji komai ba sai wuta. An yi asarar kuɗi ke nan.

A samu kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, irin Glencairn. A zuba mililita 30, cokalin cin abinci biyu, ba ƙari. A ajiye shi minti 5 zuwa 10 ya sha iska, zafin da ke saman ya lafa. Wajen sansana kada a cusa hanci ciki; a riƙe kofin a daidai haɓa, baki a ɗan buɗe, a ja numfashi a hankali. Kurɓin farko ya zama ɗan mitsitsi, wanda zai jiƙa harshe kawai, aikinsa ya sabar da baki. A na biyu ne ake juya shi ko'ina cikin baki kamar ana tauna, daƙiƙa biyar ko shida, sannan a haɗiye a fitar da numfashi ta hanci.

Littattafan nan suna siffanta ɗanɗanon da kayan da ba mu taso da su ba, alhali kasuwar gida tana da kusan duka. Zaƙin farko na mazarƙwaila ne da tuwon madara wanda ya ɗan kama tukunya. Bayansa kirfa da kanumfari. Kayan Jim Beam, har da Booker's, suna da ƙamshin soyayyiyar gyaɗa, wani lokaci ƙuli-ƙuli sak. Waɗanda suka haura shekara goma sukan ba da busasshen dabino, ɓawon goruba, da warin jemammiyar fata irin ta majema. Bayan haɗiya sai wani ɗumi ya sauka ƙirji ya zauna. A mai kyau yakan kai minti guda yana sauya kama, a marar kyau ɗaci ne kawai da raɗaɗi. In ɗacin itace ya rinjayi komai har baki ya bushe kamar an tauna ɗanyen bagaruwa, gangar ta wuce lokacinta.

Sai ruwa. A fara da ɗigo uku ko huɗu, a juya, a jira minti ɗaya, a sake sansanawa. Sau da yawa ƙamshin da wuta ta danne sai ya fito. Mai son lissafi: don a sauko da mililita 30 mai kashi 62.5 zuwa 50, ruwa mililita 7.5 ake sawa, ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi. Don a kai shi 45, wajen mililita 12. A riƙa sawa kaɗan-kaɗan, domin in ya yi yawa ba a kwashe shi, kuma ƙasa da kashi 40 ɗanɗanon yakan salance. Ruwan ya zama marar wari. Na famfo mai kulorin ko na leda da ya sha rana zai ɓata komai. Ƙanƙara tana kwantar da wutar amma tana rufe ƙamshi, kuma ƙananan gutsattsari suna narkewa da wuri su cika kofin da ruwa. In dole ne, a sa babban dunƙule guda.

Wani abu da kan tsorata namu: da an sa ruwa ko ƙanƙara sai a ga ya yi hazo-hazo, ko a hango ɗan baƙin gari a gindin kwalba. A gida wannan alamar jabu ce. A nan ba haka ba ne. Yawancin masu ƙarfin ganga ba a yi musu tacewar sanyi ba, maiƙon da ke ba su kauri a baki yana nan, shi ne ke yin hazon. Garin kuma gawayin ganga ne.

Kada ƙanƙantar kofin ta ruɗi kowa. Mililita 50 na mai kashi 62 ya yi daidai da babbar kwalbar Star ko Gulder guda. Zubi uku irin na mashayar gida ya kai kwalba uku ko fiye, cikin lokacin da ba a isa shanye ɗaya ba. A ci abinci tukuna, a ajiye ruwan sha a gefe, kuma mai ciwon hanta, mai ciki, da mai shan magani su bar shi gaba ɗaya. Tuƙi kuwa ba a wasa da shi: iyakar doka a kusan duk jihohi 0.08 ce a jini, Yuta 0.05, kuma ga wanda takardunsa na zama ba su kammala ba, kamu ɗaya yana iya jawo masa abin da ya fi tara.

Ta fuskar farashi, Wild Turkey Rare Breed, mai furuf 116.8, yana wajen dala 50, kuma shi na fi ba mai farawa shawara. Elijah Craig Barrel Proof wajen 70 zuwa 80, Booker's 90 zuwa 100. Farashin da ke jikin kanta ba shi ne na ƙarshe ba, haraji a wurin biya ake ɗorawa, a Kentaki kashi 6. Babu tayi, babu ragi. A mashaya kuma akwai tukuicin mai zubawa, kashi 15 zuwa 20, wanda a zahiri ya zama wajibi. Tsadar tana raguwa in aka lissafa cewa kwalbar mililita 750 mai kashi 62.5, in aka tsinka ta zuwa 40, ta haura kwalba ɗaya da rabi. Akwai kuma irin su Stagg na kamfanin Buffalo Trace da ba sa kwana a kanti. Wasu shaguna sukan ninka kuɗinsu, a Bajiniya kuwa, inda gwamnatin jiha ce ke da shagunan barasa, har ƙuri'a ake jefawa a kan kwalaben da suka yi ƙaranci.

Ba a sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba, kuma ko da furfura a kanka ana iya cewa ka nuna kati. Abin da zai ba mutanen Kano da Zamfara mamaki shi ne a Kentakin nan, gidan burbon, har yau akwai ƙananan hukumomin da aka haramta sayar da barasa, ta hanyar ƙuri'ar mazauna, yawancinsu yankunan Kiristoci masu riƙo. Ƙasar baki ɗaya ta taɓa haramta ta daga 1920 zuwa 1933.

Babban bambanci da gida shi ne amana. A 2015 mutane da dama sun mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas bayan shan ogogoro mai gubar metanol, kuma kowa ya san yadda ake tsintar kwalaben waje a sake cika su. A nan doka ta hana ko mashaya ta sake ɗura wani abu a kwalbar da ta ƙare. Jabu bai rasa ba, amma ya fi yawa a cinikin bayan fage na kwalabe masu tsada, ba a shago mai lasisi ba. Wanda ya ga Booker's a Abuja da araha fiye da na Kentaki ya duba kakin da ke bakinta da lambar haɗin da kyau.

Ga mai son kawo tsaraba: dokar jiragen Amurka ta yarda da lita 5 a jakar awo, a kwalbar da ba a buɗe ba, muddin bai wuce kashi 70 ba. Wanda ya haura furuf 140 ba ya hawa jirgi ko kaɗan. Kwastan na gida da dokar jihar da za a sauka kuma lissafinsu daban. In ta iso, a tsaye ake ajiye ta, ba a kwance ba, don ƙarfin barasar yana cinye toshiyar ya ɓata ɗanɗano. Ba ta ƙara nuna a kwalba ko ta shekara ashirin. A nisanta ta da taga da but ɗin mota, domin zafin Maris da Afrilu yana iya kumbura ruwan ya turo toshiyar waje. Idan ta sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, a juye ragowar a ƙaramar kwalbar gilashi mai murfi gam, iskar da ke cikin babbar tana kashe ƙamshin a 'yan watanni.