Kafin ka sauke ƙaramar motar gudunka ƙasa a Abuja

Mai Toyota 86 ko Mazda MX-5 da wuya ya daɗe bai fara sha'awar sauke motarsa ƙasa kaɗan ba. In jikin mota ya matso kwalta, karkatar da take yi a kwana tana raguwa, giɓin nan na tsakanin taya da bodi kuma ya rufe. Sai dai Abuja ba filin tsere ba ne. Wanda ke shiga lungunan Gwarinpa kullum ya san yawan tudun rage gudu da ke jiran salansarsa.

Ana sauke mota ne ta wajen sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta a kowace ƙafa. Amma duk bakaniken da ya ce maka "Alhaji, kawo in yanke sifirin ɗin kawai", ɗauki makullinka ka tafi. Sifirin iska kuwa, mai hawa da sauka da maɓalli, kuɗinsa ya fi amfaninsa. Akwai masu zare irin na Tein da BC Racing, waɗanda kake saita tsawon da kanka. Suna da kyau, amma ƙurar hunturu da ruwan damina kan sa zaren ya cije, kuma yawancin masu su sau ɗaya suke saitawa.

Ni dai gajeren sifirin Eibach Pro-Kit nake so. Eibach kamfanin Jamus ne da ke aiki tun 1951, kuma wannan samfurin yakan sauke mota da kusan inci ɗaya ne kawai. Wannan incin ya isa. Motar za ta zauna daram a kan titin filin jirgi, sitiyari ya riƙa amsawa da wuri, kuma za ka haye tudun unguwa a hankali ba tare da ka ji ƙarfe ya goga ba. Sifirin H&R ma na Jamus ne, amma ni ya yi mini tauri. Ka haɗa sabon sifirin da shokazoba irin Bilstein B8, wadda aka ƙera ta gajera don wannan aikin, domin tsohuwa ba ta jimawa take fara zubar da mai. Bayan an ɗaura, a je a yi saitin ƙafafu, in ba haka ba taya za ta cinye ta ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da tsofaffin sifirin da aka yanke aka fesa wa fenti, a cikin kwali mai kyau. Damina ba ta fita ba gefen direba ya zauna, motar ta karkace. Saboda haka kada kwali ya ruɗe ka. Na gaske yana da lamba a rubuce jikin ƙarfen, ta gaba daban, ta baya daban. Buɗe shafin kamfanin a wayarka nan cikin shagon, ka gwada lambar da samfurin motarka da shekararta. Karce rufin da farce: fentin feshi yana ɓarewa, na kamfani ba ya motsi. Duba bakin ƙarfen ko akwai sawun yanka ko baƙin wuta. Tsayar da na gaba biyu a kan siminti, ka ɗora katako a kansu, in ya karkata ko kaɗan ka mayar. Wanda ya ce maka ɗan Beljiyam ne shi ya sa lambar ta goge, kada ka biya shi ko sisi. Kuma ka tsaya a gareji da kanka har a ɗaura, ka karɓi tsofaffin naka ka saka a but, don za ka neme su ranar da ka tashi sayar da motar.