Wasiƙa daga Freiburg: solar Jamusawa a gidansu da wadda suke tallata mana a Abuja

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da su Hajiya da yara. Ya kasuwa, ya kuma fama da zafi? Mu nan Alhamdulillahi.

Na ga saƙonka. Ka ce an gayyaci masu sayar da kayan sola wani taro a Abuja da Jamusawa ke da hannu a ciki, kana so ka ji ko ya kai ka rufe shago ka hau mota. Ka kuma ce in duba maka kuɗin solar nan ta baranda da ka gani a Facebook. Hausawa sun ce wanda ya ce zai ba ka riga, dubi ta wuyansa, don haka bari in fara da abin da suke da shi a nan, kafin mu zo kan abin da ofisoshinsu ke kai mana.

Solar baranda gaskiya ce, ba ƙaryar intanet ba. Fanel biyu ne da wata 'yar inbata wadda ba ta fi littafi girma ba, sai waya mai kai irin na firji. Ka rataya a ƙarfen baranda, ka soka a soket, shi ke nan. Har manyan kantunan kayan abinci kan kawo ta lokaci-lokaci, ka gan ta jingine kusa da inda ake jera sabulu da man girki, kuɗinta tsakanin Yuro 300 zuwa 500. Tun Janairun 2023 gwamnati ta cire wa kayan solar gida harajin saye, a 2024 kuma aka sassauta doka, aka yarda inbatar ta kai wat 800, rajistar ma a waya ake yin ta cikin 'yan mintoci. A unguwarmu da wuya ka wuce bene ba ka ga ko ɗaya ba, wata ma tsohuwa ta rataya tata a ƙarƙashin tukwanen fure. To amma kar ka sa rai, ba zan turo maka ita ba. Ba ta da batir, kuma an ƙera ta ne ta jingina da wutar layi. Da zarar an ɗauke wuta ita ma ta mutu nan take, don kada ta kashe ma'aikacin da ya hau gyaran waya. Su wannan bai dame su ba, tunda abin da ake ɗauke wa gida a shekara, in an raba daidai, bai kai minti 15 ba. Kai kuwa da wutar KEDCO, kamfanin raba wuta na Kano, ke leƙo ka ta koma, ka ga ado kawai za ka rataya.

Wani abin da zai ba ka dariya: in ka juya bayan fanel ɗin da muke ɗorawa a rufin Jamusawa, Chaina za ka gani a rubuce, sunayen kamfanonin ma su ne dai waɗanda ke jingine a shagonka. Yawancin masana'antun fanel na nan sun durƙushe saboda arahar na Chaina, ko a 2024 kamfanin Meyer Burger ya rufe tasa da ke jihar Saxony. Saboda haka duk wanda ya zo maka da fanel yana rantsuwa ɗan Jamus ne, yana ninka kuɗi, ka ce ya juya bayansa. Inbata dai har yanzu suna yin masu kyau, irin na kamfanin SMA, sai dai tsada.

Inda suka yi mana nisa shi ne aikin hannu da abin da ke biyo bayan ciniki. Yaro ba ya zama mai aikin wuta a nan sai ya yi shekara uku da rabi yana koyo, wasu ranaku a makaranta, wasu a wurin aiki, kuma ana biyansa. A kamfanin da nake, mu ne masu hawa rufi, amma ba mai haɗa gida da layi sai ubangidanmu mai takardar ƙwarewa ya zo da na'urarsa. Zai auna kowane jerin fanel, ya auna wayar ƙasa, ya rubuta lambobin a takarda, ya sa hannu. Na taɓa ganin ya sa an kwance aikin yini guda saboda kan waya ɗaya da aka matse da filaya maimakon abin matse shi na asali. Bai ɗaga murya ba, ya dai ɗaga wayar sama ya girgiza ta, kan ya zame a hannunsa. Irin wannan kan ne ke yin zafi ya ci rufin mutane a wajenmu, a ce tsautsayi. Ga kuma doka: duk sabon kayan da ka saya, mai kanti na da alhakinsa har shekara biyu, ba zancen "ai lafiya ƙalau ya bar shago".

Sai dai kar ka ɗauka komai daɗi ne. Mutum kan yi watanni yana jiran a zo a ɗora masa, kuɗin aiki kan ci babban kaso na abin da zai biya, ga takardu kamar me. A Kano ka kira yaro da hantsi, kafin magariba fanka na juyawa. Wannan saurin namu su ma da za su samu da sun so. Wutar layin kuma akwai ta, amma da tsada: yunit ɗaya wajen santi 40, in ka juya shi Naira kusan ninki uku ne na abin da 'yan rukunin A (Band A) na masu wuta a Najeriya ke biya tun ƙarin Afrilun 2024 da aka yi ta kuka a kai. Shi ya sa Bajamushe ke kashe fitila in zai fita daga ɗaki ko da na minti ɗaya ne. Rana kuwa, Allah Ya ba mu. Freiburg na cikin garuruwan da suka fi samun rana a ƙasar, amma a Disamba ƙarfe biyar na yamma ta yi duhu, sama kuma ta yi mako a rufe. Fanel mai kilowat ɗaya kan ba da yunit kusan 1,000 a shekara a nan, a Kano ya haura 1,500, duk da ƙurar hunturu da zafin da ke rage masa ƙarfi. Da wannan 'yar ranar tasu da iskar arewacin ƙasar suka kai ga samun fiye da rabin wutar da suke sha daga makamashi mai sabuntuwa tun 2023. Tushen abin doka ce ta shekarar 2000, wadda ta tilasta wa kamfanonin layi sayen wutar da mai gida ya samar, a kan farashin da ba zai sauya ba har shekara 20. Da manomi ya ga lissafin ya fita, sai ya rufe rumbunsa da fanel.

To, wannan labarin ne ofisoshinsu na waje ke yawo da shi. Kuma ba ofishi ɗaya ba ne, ya kamata ka san wa kake magana da shi. Akwai ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, su aikinsu siyasa ce da ganawa da ministoci. Akwai hukumar GIZ mai ayyukan raya ƙasashe, ita ce ke aiwatar da ayyuka a ƙasa. Akwai bankin raya ƙasashe na KfW mai ba da rance. Akwai kuma ofishin 'yan kasuwa da masu masana'antun Jamus a Legas, wanda aikinsa a fili yake: haɗa kamfanoninsu da masu saye. A ƙarshen 2021, lokacin da Annalena Baerbock ta jam'iyyar masu rajin kare muhalli ta zama ministar harkokin waje, aka ɗauko tattaunawar sauyin yanayi ta duniya aka damƙa wa ma'aikatarta. Ta ɗauko Jennifer Morgan, shugabar ƙungiyar Greenpeace, ta naɗa ta jakadiya ta musamman, aka kuma ware ofisoshin jakadanci sama da 50 aka ce sauyin yanayi ya zama cikin manyan ayyukansu. Tun 2015 ma kusan duk shekara suna tara ministocin makamashi na duniya a Berlin.

Abin da ya fi amfanar mu cikin duk wannan, a ganina, shi ne wanda ba a cika ɗaukar hotonsa ba. Ƙawancen makamashi tsakanin Najeriya da Jamus ya faro tun 2008, a 2013 kuma GIZ ta fara shirin tallafa wa makamashi a Najeriya, wato NESP, da kuɗin Jamus da Tarayyar Turai. Da hannunsu aka tsara dokar ƙananan tashoshin wuta da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta fitar a 2016, wadda ta ba ɗan kasuwa damar kafa tashar sola a ƙauye, ya ja waya, ya sa mita, ya karɓi kuɗinsa ba tare da fargaba ba. Da tallafinsu aka yi ta Kurdula a jihar Sakkwato, da ta Tungan Jika a jihar Neja, da wasu a Filato da Ogun da Kuros Riba. Sun kuma tsara darussan koyar da masu ɗora sola tare da cibiyoyi irin su NAPTIN, cibiyar horar da ma'aikatan wuta ta ƙasa. Doka da horo, ka ga abubuwan nan biyu da na ce sun fi mu da su a gida ke nan. Nan kam ban ga abin zargi ba.

Amma akwai ɗaya ɓangaren. A 2021 ma'aikatar harkokin wajensu ta buɗe ofishin haidurojin a Abuja, irinsa kuma akwai a Angola da Saudiyya. Haidurojin iska ce da ake samu in an raba ruwa da wutar lantarki, suna buƙatar ta don masana'antun ƙarfe da na taki su daina ƙona kwal da gas. Su da bakinsu sun ce rabi ko fiye na abin da za su buƙata sai sun shigo da shi daga waje, daga ƙasashe masu rana. Ban ce laifi ba ne, ciniki ne. Sai dai ƙasar da babban layinta ke fama da megawat dubu huɗu zuwa biyar, mutum sama da miliyan 80 ba su da wuta kwata-kwata, ina ta ga rarar da za ta narka ta loda a jirgin ruwa? Kai shaida ne a Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwana da kwanaki a duhu, ƙanƙara ta gagari talaka, injinan niƙa suka tsaya.

Sannan na ga abin da ya faru da su da kansu da wuya ta zo. Kafin yaƙin Yukren fiye da rabin gas ɗinsu daga Rasha yake zuwa. Da aka rufe bututu a 2022, sai ga su sun dawo da tashoshin kwal da suka ajiye, suka gina tashar sauke gas ta ruwa a Wilhelmshaven cikin ƙasa da shekara guda, su da ake yi wa tsiya da jan ƙafa. A Janairun 2023 'yan sanda suka kwashe masu zanga-zanga daga ƙauyen Lützerath don kamfanin makamashi na RWE ya haƙi kwal ɗin da ke ƙarƙashinsa. A lokacin wasiƙar kuɗin ɗumama ɗaki ita ce abin tsoro, mutum ya buɗe ambulan ya nemi wuri ya zauna. Da shugaban gwamnati Olaf Scholz ya je Abuja a Oktoban 2023, gas na cikin manyan abubuwan da ya je nema. Shekara biyu kafin nan, a taron sauyin yanayi na Glasgow, Jamus na cikin ƙasashen da suka yi alkawarin daina zuba kuɗin gwamnati a ayyukan mai da gas na ƙasashen waje. Ni ban ga baƙinsu ba, kowa gidansa ya sani. Abin da nake so shi ne namu wakilan su ma su riƙa zama da lissafin gidansu a hannu. Yarjejeniyar inganta wutar Najeriya da kamfanin Siemens na Jamus da aka sa wa hannu a 2019 zamanin Buhari ta yi maganar megawat 25,000 zuwa 2025. An kawo tiransifomomi da ƙananan tashoshi na tafi-da-gidanka, amma kai ka fi ni sanin inda aka tsaya, kuma rabin laifin a gida yake.

Don haka ka je taron, amma ka san me ka je ɗauka. Ba sa raba fanel, ba sa raba kuɗi a zaure, tallafinsu ta hannun kamfanoni masu rajista da takardu yake bi, kuma gasa ake yi. Ka tambaye su horon yaran shago: a ina ake yi, nawa ne, wa ke amincewa da takardar shaidar. Ka sa yaranka biyu a ciki ko da kai za ka biya. Ka karɓi lambobin masu kafa tashoshin ƙauye, domin su ne ke neman wanda zai sayar musu da waya da mita da kayan gyara a kusa, ba sai sun aika Legas ba. In wani kamfani ya nuna maka inbata ko batir, tambayar farko ita ce wa zai gyara a Kano in ya lalace, kuma garantin yana aiki a Najeriya ko a Turai kawai. Ni abin da zan haɗo maka da mai zuwa gida shi ne na'urar auna wuta mai kyau da abin matse kan waya guda biyu, sun fi maka fanel amfani, kuma ba su da nauyi.

Ka kuma tambayi ranar da shirin zai ƙare, domin kowane shiri nasu yana da wa'adi, kuma siyasar Berlin na taɓa shi. A Mayun 2025, da Friedrich Merz ya kafa gwamnati, an mayar da harkar sauyin yanayi ma'aikatar muhalli, an soke kujerar jakadiyar nan ta musamman, ana kuma rage kasafin taimakon ƙasashen waje. Kar ka ci bashin banki ka cika shago da kaya saboda alkawarin wani shiri, sai ka ga takarda da sa hannu da kwanan wata.

A gaida Hajiya da kyau, a ce mata maganin ƙafar yana cikin saƙon. A gaida Anti da yara.

Ƙaninka.