Yini guda a Rampur: jagoran ya ci kuɗinsa, direban kuwa ya ci mini lokaci

Jinyar yayana ce ta kai ni Delhi. Bayan an yi masa aiki jiki ya yi sauƙi, likita ya ce sai mun ƙara kwana 10 kafin mu hau jirgi. Da Yaya ya ga zaman ɗaki ya ishe ni sai ya ce, "Kai da kake koyar da tarihi, tashi ka je ka ga wani abu, ka dawo ka ba ni labari." Tafintanmu na asibiti ya haɗa ni da wani ƙaramin kamfanin masu kai baƙi yawo, na biya rufi 7,000, kuɗin mota zuwa da dawowa har da na jagora.

Rampur na zaɓa saboda ni ma ɗan ƙaramar masarauta ne, na taso ina jin yadda sarakunanmu suka zauna da Nasara a zamanin En'e. Ina son in ga yadda wata ƙaramar sarautar Musulmi ta yi nata zaman da Ingila a Indiya.

Mun tashi bayan asuba cikin hazo, muka bi ta Moradabad, gonakin rake hagu da dama. Tafiyar kusan kilomita 200 ce, ta ci mana awa huɗu da ɗoriya. A ƙofar fada jagoran ya tarbe ni, dattijo mai farin gemu, ya yi karatun madarasa, Larabcinsa ya fi Turancinsa. Da Larabcin muka fi fahimtar juna.

Kafin mu shiga ya tsuguna ya zana mini taswira a ƙasa da tsinke. Nan ƙasar Rohila, Fatanawan da suka gangaro daga yankin Afganistan. Nan Awad, wadda sarkinta ya ɗauko sojojin kamfanin Ingila ya murƙushe su a 1774. Sai ya ɗiga tsinken a tsakiya ya ce wannan ɗigon ne kawai aka bar wa Faizullah Khan, ɗaya daga cikin shugabannin Rohila, shi ne Rampur. Daga 1801 kuma ƙasar da ke kewaye da ɗigon duk ta koma hannun Turawa. Shekara da shekaru ina koyarwa, ban taɓa ganin an taƙaita tarihin ƙasa a tafin hannu haka ba.

Abin da ya kai ni shi ne Laburaren Raza, wanda ke cikin Hamid Manzil, ginin da Nawab (wato sarki) Hamid Ali Khan ya yi a farkon ƙarni na 20. Zauren fadanci ne mai dogayen ginshiƙai, da fitilun gilashi suna reto daga sama, amma hankalina bai tsaya can ba. Littattafan rubutun hannu kimanin 17,000 ke gidan, na Larabci da Farisanci da Urdu da Fashto da Turkanci har da Sanskirit. Faizullah Khan ne ya fara tarawa, magadansa suka yi ta ƙarawa, musamman Kalb Ali Khan da ya yi mulki daga 1865 zuwa 1887, wanda ko aikin Hajji da ya je da littattafai ya dawo. Akwai Alƙur'ani a kan fata da rubutun Kufi da ake dangantawa ga Sayyidina Ali. Na lura dattijon "ana dangantawa" ya ce, bai yanke ba, kuma tun daga nan na amince da shi. Na daɗe tsaye gaban wani shafi na Kufi a cikin gilashi ina bin baƙaƙen da ido, wasunsu sak da irin lanƙwasar da malaminmu na allo ke yi.

A nan na yi masa tambayar da ke cina: a boren da Indiyawa suka yi wa Turawa a 1857, lokacin da Delhi da Bareli da ke nan kusa suka tashi, ina Rampur ta tsaya? Bai kauce ba. Ya ce Nawab Yusuf Ali Khan Turawa ya mara wa baya, suka kuma saka masa da ƙarin ƙasa. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Malam, Delhi an wawashe ta, Laknau ma haka. Malamansu da mawaƙansu da littattafansu nan suka gudo. Ban ce maka ya yi daidai ba, amma abin da kake kallo nan da wannan kuɗin aka biya shi." Har shahararren mawaƙin nan Mirza Galib, rufi 100 yake karɓa duk wata daga wannan fada. Maganar ta zauna mini a ƙirji, don na tuna gardamar da muke yi a gida kan waɗanda suka yi hijira a 1903 da waɗanda suka zauna suka karɓi takardar Lugga.

Sauran sarakunan ya bi da ni da sauri. A zamanin Turawa bindiga 15 ake harba wa Nawab na Rampur don girmamawa, alhali sarkin babbar masarautar Haidarabad 21, wato har girma ma da mudu Turawa ke auna shi. Raza Ali Khan, wanda ya hau a 1930, shi ya miƙa ƙasar ga Indiya a 1949, kuma sunansa laburaren ya ci.

Abincin rana ba ya cikin kuɗin, amma kada ka bar garin ba ka ci tar korma ba, naman da aka dafa har miyarsa tana yauƙi, da gurasa mai zafi.

Direban ne ya ɓata mini. Ban roƙa ba ya tsaya da ni a shagon wuƙaƙe, don garin ya yi suna da su, ya ƙi tashi sai da aka baje mini haja kusan awa guda. A fili yake kamasho yake jira, ni kuwa me zan yi da wuƙa a jirgi? Wannan awar ce ta sa na yi la'asar a gurguje a babban masallacin da Kalb Ali Khan ya ƙarasa, ban samu na zauna ciki ba. Duk mai zuwa ya gindaya sharaɗi tun a Delhi cewa ba tsayawa a shago, in da hali ma ya kwana a garin.

Ƙarfe 11 na dare na iso, na tarar Yaya bai yi barci ba. Na ɗauki biro na zana masa ɗigon nan a bayan takardar magani.