Sayyil ko sesuviyam a kan gangare: amsa ga Alhaji

Wa alaikumus salam, Alhaji. A cikin tsirrai biyun da mai mashtal, wurin sayar da dashe, ya ambata maka domin gangaren nan na bayan istiraharka, gidan hutun nan naka da ke Shara'i a Makka, wato sayyil da sesuviyam, ni dai sesuviyam zan ce ka ɗauka, domin duka biyun sun bi ta hannuna a wurin da nake kula da shi a wajen Makka, kuma har yanzu ina jin zafin kuɗin da na zuba a kan na farkon.

Sayyil ita ce ƙiri-ƙirin da muka sani a gida, wasu Larabawan kuma najil suke ce mata. Ba zan zalunce ta ba, a shimfiɗaɗɗen fili inda yara za su yi guje-guje tana da amfani, kuma saiwarta tana riƙe ƙasa. Amma a kan gangare ruwan da ka ba ta gangarewa yake yi kafin ya nutse, sai ka tarar saman ya ƙone ƙurmus, gindin kuma ya zama caɓi, ga aski da take nema a kai a kai a wurin da tura injin yanke ciyawa kansa wahala ce. Mai wayit, wato tankar ruwa, shi kaɗai ne ya ci ribar wannan shuka tawa.

Sesuviyam kuwa kyauta ma na same shi. Wani dattijo ɗan Zinder da ke aikin lambu a Jidda ne ya yanko mini rassa cike da buhu ɗaya, ya ce in tsittsira su a ƙasa taku biyu biyu, in jure ba su ruwa na 'yan makonni, sauran kuma in bar wa Allah. Tsiro ne na bakin teku mai ganye ƙanana masu kauri da ke ajiye ruwa a cikinsu, yana yaɗo kamar dankali, kuma duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta saki saiwa, shi ya sa yake ɗinke gangare da kansa ba tare da an ƙara sayen komai ba. Da yake a cikin gishiri ya tashi, ruwan rijiya mai zartsi wanda yake kashe furanni da yawa bai dame shi ba. Abin da ya sa na sallama masa shi ne wata shekara da na je gida Kano tsakiyar zafi, famfo ya lalace a bayana aka ɗauki makonni ba a gyara ba, ga Makka kuma zafinta kan haura digiri 45. Na dawo na same shi ya yi jawur, ganyen ya tsuke, amma da ruwa ya dawo bai yi kwana goma ba ya koma kore, har da 'yan furanninsa masu ruwan hoda da sai ka sunkuya kake ganinsu sosai.

Shi ma yana da nasa aibin. Ba ya jure taku, idan aka mayar da shi hanya murƙushewa yake yi, kuma sai ka riƙa datse bakinsa don kada ya hau kan dakali. Saiwarsa ba ta zurfi, ruwan ƙasar nan kuwa ka san halinsa: ya yi wata da watanni bai zo ba, ran da zai zo ya zo da ambaliya, kamar yadda mutanen Jidda suka gani a Nuwamban 2009. Saboda haka idan gangaren yana da tsayi, ka jera duwatsu layi layi a kwance kafin ka shuka, ka bi kowane layi da siririn tiyon nan mai ɗigo, ka haƙa wa kowane reshe ɗan gurbi da zai tare ruwa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu masu sayarwa a bakin titi. Akwai masu ba ka rijla mai furanni kala kala, dangin fasa-ƙaba, su rantse maka abu ɗaya ne da sesuviyam, alhali ita kan yi kyau da zafi ne ta zube idan sanyi ya shigo, ta bar maka gangare tsirara daidai lokacin ruwa. Akwai kuma masu soka reshe a leda da safe su sayar da yamma da kuɗin dashe. Ka ja tsiron a hankali, idan ya fito salin alin ba saiwa to ka ajiye musu kayansu, haka nan wanda ka ga ya yi tsawo ya yi laushi a ƙarƙashin rumfa, domin ranar farko da ya haɗu da ranar Makka zai kwanta.

Kada ka shuka yanzu. Ka jira ƙarshen Oktoba ko Nuwamba zafi ya sassauta, kuma idan lokacin ya yi ka yi mini magana, nawa ya kai datsa, buhu biyu za su ishe ka farawa.